Birni Ko Ƙauye: Ina Muka Baro Ƙananan Garuruwanmu?

Akwai wata muhawara da ba ta tsufa a majalisun ma'aikata da sauran 'yan boko na Arewa, musamman idan Sallah ta ƙarato aka fara shirin tafiya gida, ko kuwa idan mai gidan haya ya aiko da takardar ƙarin kuɗi. Muhawarar kuwa ita ce, tsakanin zaman birni da zaman ƙauye wanne ya fi? Wani ya ce shi kam da zarar ya ajiye aiki ƙauyensu zai koma, ya sayi shanun huɗa, ya dasa mangwaro da gwaiba, ya huta da hayaniya. Wani kuma ya kada baki ya ce ai wanda ya saba da kwalta da asibitin ƙwararru ba zai iya komawa inda idan ciwo ya kama mutum da tsakar dare sai an ɗaura wa shanu amalanke ba. Haka za a yi ta ja-in-ja har a watse, kowa na kan bakansa. Abin da na lura da shi a tsawon shekarun da na yi ina sauraron irin wannan zance shi ne, da masu yabon ƙauyen da masu kushe shi duk a birni suke kwana, kuma cikin masu alwashin komawa gida kaɗan ne ƙwarai suke cikawa.

A ganina, tun daga tushe tambayar ce ba a ɗora ta daidai ba. Ana yin maganar ne kamar zaɓi biyu kacal ke gaban mutumin Arewa: ko dai ya cusa kansa cikin cunkoson Kano da Kaduna da Abuja, ko kuma ya koma ƙauyen ƙayau inda babu wuta babu ruwa. An manta da na uku, wato gari matsakaici irin su Funtuwa da Malumfashi da Gumel da Haɗeja da Azare da Nguru da Ƙaura Namoda da Argungu da Kwantagora, inda a da mutum kan iya zama malamin makaranta ko likita ko alƙali ko akawu, ya yi aikinsa da mutunci, ya leƙa gonarsa da yamma, 'ya'yansa kuma su yi karatu mai kyau ba tare da ya bar garin ba. Raunin da irin waɗannan garuruwa suka yi shi ne ya mayar da abin da muke kira zaɓi ya zama tilas. Wannan shi ne abin da nake son mu tattauna a wannan fili, domin lamarin ya wuce batun sha'awa ko ra'ayin wani, ya shafi tsaron rayukanmu da makomar 'ya'yanmu.

Bari mu fara waiwayawa baya kaɗan. Kakanninmu ba su raba duniya gida biyu ba. A wurinsu akwai birni mai ganuwa, akwai gari, akwai ƙauye, akwai unguwa da tunga da ruga, kuma kowanne yana da amfaninsa ga ɗan'uwansa. Dattawan Kano da kewaye suna tune da lokacin da jakuna ke fita daga birni da mangaloli cike da taki zuwa gonakin karkara, su dawo ɗauke da itace da hatsi. Ɗan cin rani kuwa sai an gama kaka yake shiga birni, kuma da zarar ya ga hadarin farko ya haɗu sai ya ɗaure kayansa ya koma ga fartanyarsa. Harshen ma bai bar kowa ba, domin kamar yadda ake zagin mutum da ƙauyanci, haka idan aka ce wane ɗan birni ne, to ana nufin ka riƙe aljihunka.

Hatta ilimi, wanda a yau muke ganin sai a birni ake samunsa, ba haka yake a da ba. 'Yandoto, da ke kusa da Tsafe a Jihar Zamfara ta yanzu, gari ne na malamai da ɗalibai suka riƙa zuwa daga nesa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Ɗegel ya zauna ya karantar, ba a Alƙalawa babban birnin Gobir ba. Ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba da ƙarfi wajen kafa garuruwan ribaɗi, shi kansa ya zauna a Wurno, a can ya rasu a 1837, a can kuma kabarinsa yake. A cikin nasihar da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, wadda aka sani da Usulus Siyasa, ya hori shugaba da ya kula da masu sana'o'in da jama'a ba sa iya rayuwa sai da su, ya kuma tabbatar an same su a kowane gari da ƙauye. Mai karatu ya dubi wannan, shekaru kusan 200 da suka wuce wani shugaba a ƙasar nan ya fahimci cewa tara masu fasaha wuri guda, a bar sauran ƙasa fayau, ba dabarar mulki ba ce.

A ƙarni na 20 ma, garuruwa matsakaita sun ga nasu zamanin. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, reshen Zariya zuwa Ƙaura Namoda ya kammala a 1929, na Kano zuwa Nguru kuma a 1930. Duk inda dogo ya tsaya sai kasuwa ta tashi. Funtuwa da Gusau da Malumfashi suka bunƙasa da auduga da injinan gurzarta na kamfanin BCGA, har yau ma akwai unguwa mai wannan suna a Funtuwa. Nguru ta zama matattarar gyaɗa da ƙaro da fatu da naman da ake aikawa Kudu. A 1975, lokacin da aka ƙaddamar da shirye-shiryen bunƙasa noma na farko da tallafin Bankin Duniya, Funtuwa da Gusau da Gombe aka zaɓa, kuma a wancan lokaci babu ko ɗaya daga cikinsu da ke babban birnin jiha.

Haka nan manyan makarantu. Malam Aminu Kano a Maru ya shugabanci makarantar horon malamai a ƙarshen shekarun 1940. Alhaji Shehu Shagari ya yi hedimasta a Argungu. Makarantar sakandare ta Birnin Kudu ta yaye gwamnoni da manyan 'yan kasuwa. Da gwamnatin tsohuwar Jihar Kano ta tashi kafa makarantun kimiyya a 1977, Dawakin Kudu da Dawakin Tofa ta kai su, kuma sanin kowa ne irin likitoci da injiniyoyin da suka fito daga can. A wancan zamani ɗan birni ake turawa karkara neman ilimi. A irin waɗannan garuruwa akwai gidajen ma'aikata, akwai duba-gari da malamin gona da malamin dabbobi da ungozoma da ma'aikacin gidan waya, duk a garin suke kwana, da mutanen garin suke sallah, 'ya'yansu kuma aji ɗaya suke da 'ya'yan manoma. Yaron ƙauye ba ya bukatar a ba shi labarin amfanin boko, yana ganinsa da idonsa a kan keken malamin da ke wucewa ta ƙofar gidansu kullum.

To, me ya faru? Ruwa dai ba ya tsami banza. Da fari tattalin arzikin da ya riƙe waɗannan garuruwa ne ya karye. Farin 1973 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 suka zo daidai da lokacin da kuɗin man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati daga noma. A 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona ba tare da an tanadi abin da zai maye gurbinsu ba. Jirgin ƙasa ya yi ta ja da baya har rassan da na ambata suka koma wurin shanya. Masaƙun Kaduna da Kano da ke sayen audugar Funtuwa da Gusau suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Masaƙar KTL ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1957, ta tsaya a 2002.

Na biyu shi ne yadda muka yi da ƙirƙirar jihohi. Daga jihohi 12 a 1967 mun kai 36 a 1996, kuma kowace sabuwar jiha sai ta kwashe abin da take da shi ta zuba a babban birninta: sakatariya da gidan gwamnati da asibitin ƙwararru da rukunin gidaje. Garin da bai yi sa'ar zama hedikwata ba sai ya wayi gari 'ya'yansa masu ilimi sun bi aiki sun tafi. Kai, wani lokaci ma sabuwar hedikwatar ba ta iya riƙe mutanenta. Bayan an ƙirƙiri Jihar Jigawa a 1991, an daɗe ana ganin ma'aikata da dama suna aiki a Dutse amma iyalansu da zukatansu suna Kano.

Na uku, wanda a ganina ya fi sauran muni, shi ne abin da aka yi wa ƙananan hukumomi. Gyaran da aka yi a 1976 ya samar da ƙananan hukumomi 301 da nufin kusanto da mulki ga jama'a, yanzu kuwa muna da 774. Amma Tsarin Mulki na 1999 ya tanadi asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumominta, kuma ta wannan kafa gwamnoni da yawa suka riƙe kuɗin, suka riƙa naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu. Sakamakon haka kowa ya gan shi. Je ka sakatariyar ƙaramar hukuma a tsakiyar mako, sau da yawa sai ka tarar da masinja da maigadi da awaki. Shugaban yana babban birnin jiha, a can gidansa yake, a can 'ya'yansa ke karatu. Daraktoci da ma'aji suna bin sahunsa. A da ana haɗuwa ranar biyan albashi, yanzu da albashi ke shiga ta banki ko wannan ma an huta. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ta kuma haramta mulkin kantomomi, amma watanni da dama bayan hukuncin aka yi ta jan ƙafa wajen aiwatar da shi.

Wani zai ce, to mene ne a ciki don ma'aikaci ya zaɓi kwana a birni, ai 'yancinsa ne. Gaskiya ne, amma mu dubi abin da ke faruwa idan gari ya rasa masu idon gani da bakin faɗa. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinare ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara. Yara suna ta mutuwa, ana ta binnewa, amma sai da likitocin ƙungiyar MSF ta ƙasashen waje suka lura da yawan sababbin kaburburan yara sannan duniya ta ji. A takarda kuwa kowace ƙaramar hukuma tana da sashen lafiya da ma'aikata da kasafin kuɗi. Da a ce waɗanda ake biya albashi da sunan waɗannan wurare a nan suke kwana, da wuya abin ya kai haka kafin a farga.

Haka kuma batun tsaro. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ba na cewa ƙaurar 'yan boko ce kaɗai ta haifar da 'yan bindiga, domin akwai rikicin gonaki da burtali, da zaluncin wasu alƙalai da jami'an tsaro da masu sarauta, da kwararowar makamai. Amma duk waɗannan sun yi ƙamari ne a wuraren da hukuma ta janye jikinta ta bar suna kawai. Ƙananan rigingimun da a da hakimi da alƙali da malamin daji kan kashe a zaure guda, sai suka rasa mai sauraro har suka girma. Yau ga inda muke: ɗalibai fiye da 300 aka kwashe a Ƙanƙara a Disambar 2020, 'yan mata 279 a Jangebe a Fabrairun 2021, haka aka yi a Kagara da Birnin Yawuri a wannan shekarar, da Kuriga a Maris ɗin 2024. A Satumbar 2021 sai da ta kai an katse layukan waya an kuma rufe kasuwannin mako a Zamfara. Manomi yana biyan ɗan bindiga haraji kafin ya shuka, ya sake biya kafin ya girbe. Makarantun kwana na karkara, waɗanda a da su ne abin alfaharinmu, su ne iyaye suka koma gudu. Shi kuma na birni da ya ɗauka ya tsira, harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na 28 ga Maris ɗin 2022 ya tuna masa cewa abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

A nan ya kamata in yi wa birni adalci, domin ba ni cikin masu yi wa ƙauye kirarin da mazaunansa ba su san shi da shi ba. Mai yabon iskar ƙauye da fura mai damun nono yawanci namiji ne da ke zuwa kwana uku da Sallah, a share masa ɗaki a yanka masa kaza. A tambayi matar da ke tafiyar awa guda neman ruwa, ko wadda naƙuda ta yi wa gardama kwana biyu babu mota, a ji ko ra'ayinsu ɗaya. Asibitin Babbar Ruga da ke Katsina cike yake da shaidar abin da doguwar naƙuda ke yi wa matan karkara. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna ko kashi 20 cikin 100 na haihuwa a Arewa maso Yamma ba a yi a asibiti ba. Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 kuwa ya ce mutum miliyan 133 ne ke cikin talauci ta fuskoki daban-daban, kashi 72 cikin 100 na mazauna karkara, kashi 42 na mazauna birane. Saurayin da ya bar ƙauye ya zo yana tura baro ko sayar da ruwa ba wawa ba ne, ya yi lissafinsa. Bugu da ƙari, birni yana 'yantar da mutum daga wasu ƙulle-ƙullen gargajiya. A can ba a cika tambayar ɗan wane ne kai ba kafin a saya a hannunka. Ƙaura zuwa birni kuma ba a kanmu farau ba, duk duniya haka ake. A 1960 kimanin kashi 15 cikin 100 na 'yan Najeriya ne ke zaune a birane, yanzu sun haura rabi.

Sai dai akwai bambanci tsakanin birnin da ke jawo mutane saboda masana'antu na neman ma'aikata, da birnin da mutane ke faɗawa ciki don baya ta ƙi zaunuwa. Kano da ba ta kai mutum 300,000 ba a ƙidayar 1963, yau ana ƙiyasta ta haura miliyan 4, alhali masana'antun Sharaɗa da Bompai da Chalawa da yawa sun rufe. Gonakin da ke ciyar da birnin an yanka su awon igiya, babu magudanar ruwa babu filin makaranta. Ma'aikacin da ke taƙama yana Abuja, idan ka bincika sai ka tarar a Mararraba ko Masaka ko Suleja yake kwana, yana fita kafin a idar da sallar asuba, ba ya dawowa sai yara sun yi barci. Ruwa daga 'yan ga-ruwa, wuta daga janareta ko sola, karatu a makarantar kuɗi, tsaro daga maigadin da unguwa ke haɗa wa kuɗi. Wato duk abin da ya baro garinsu dominsa, a birnin ma da aljihunsa yake saya. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 1,000 kafin ƙarshen 2024, mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 ya zama ba ya iya ɗaukar haya da mota da cefane a babban birni. A wancan lokaci da yawa daga masu albashi sun gane cewa ɗan'uwansu da ke da buhu goma na masara a rumbu ya fi su kwanciyar hankali.

Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa shi ne, dukiyar da za ta rayar da garuruwa matsakaita tana nan ba ta je ko'ina ba. Dubi Kura da Bunkure da Garun Malam, yadda ruwan madatsar Tiga, wadda aka gina zamanin Gwamna Audu Baƙo, ya mayar da su cibiyar shinkafa da tumatir. Dubi kasuwar dabbobi ta Maigatari ranar Alhamis, da ta Wudil ranar Juma'a, da ta Potiskum. Dubi albasar Aleiro, da masarar Saminaka da Dandume, da cittar Kachiya, da riɗi da zoɓon Jigawa da ake fitarwa ƙasashen waje. Miliyoyin Naira ke juyawa a waɗannan wurare kowane mako. Matsalar ita ce kuɗin ba ya kwana a nan. Ana loda kayan ɗanye a kai wani wuri a sarrafa, dillalin ya gina gidansa a birni, ƙananan hukumomi da dama ma ko reshen banki guda ba su da shi. Daɗin daɗawa, wasu abubuwan da a da suke tilasta zaman birni yanzu sun sauƙaƙa. Tun zuwan wayar salula a 2001, da intanet da wutar sola a baya-bayan nan, akawu ko mai zanen gini ko mai fassara zai iya yin aiki mai yawa daga Gumel ko Misau kamar yadda zai yi daga Kaduna.

Saboda haka, ga abin da nake ganin ya kamata a yi. Da farko, 'yancin ƙananan hukumomi ya zo da sharaɗi. Duk wanda ke karɓar albashi da sunan ƙaramar hukuma, tun daga shugabanta har zuwa shugabannin sassa, to ya zauna a cikinta da iyalinsa. Ranar da ɗan ciyaman zai zauna a ajin firamaren garin, ranar za a gyara rufin ajin. Idan ba haka ba, kuɗin da aka ƙwato daga hannun gwamna zai ƙare ne wajen sayen filaye a babban birnin jiha, an gudu ba a tsira ba ke nan.

Na biyu, gwamnatocin jihohi su daina rarraba ɗan abin da ke akwai kamar goron biki, rijiyar burtsatse nan, aji biyu can. Kowace jiha ta zaɓi garuruwa biyu ko uku a kowace shiyyar ɗan majalisar dattawa, ta cika musu abin da ke riƙe ƙwararre: babban asibiti mai likitan tiyata da ma'ajiyar jini, sakandare guda mai inganci, ruwan famfo, wutar da ba ta ɗaukewa, da isassun jami'an tsaro. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta bai wa jihohi ikon samar da wuta da rarraba ta, don haka uzurin jiran Abuja ya ƙare. Idan gari ɗaya ya tsaya da ƙafarsa, ƙauyuka hamsin da ke kewaye da shi sun sami asibiti da kasuwa da makaranta a tafiyar da ba ta wuce ta babur ba. Mun ga shirye-shiryen raya karkara iri-iri, daga shirin ciyar da ƙasa na 1976 zuwa hukumar DFRRI ta 1986, kuma abin da ya kashe yawancinsu shi ne an kai kayan aiki ba a kai mutanen da za su zauna su kula da su ba.

Na uku, a daina mayar da aikin karkara horo. A ma'aikatunmu, idan aka ce an tura wane ƙauye, kowa ya san ya yi wa wani babba laifi ne. Kamata ya yi likita ko malamin da ya yarda ya zauna a irin waɗannan wurare ya sami gida mai kyau, da alawus na gaske da ake biya a kan kari, da fifiko wajen ƙarin girma da tafiya ƙaro ilimi. Wanda ya shekara biyar a asibitin ƙaramar hukuma ya riga wanda ya maƙale a hedikwata hawa mataki.

Na huɗu kuma ya rage ga 'yan boko da attajiran da suka fito daga waɗannan garuruwa. Kowa ya san irin gidajen nan masu dogayen katanga da ake ginawa a gida, a kulle su shekara guda, ba a buɗewa sai da Sallah ko ranar zaɓe. Kuɗin irin wannan gida guda zai kafa injin casar shinkafa ko na matsar man gyaɗa da zai ɗauki matasa ashirin aiki. Likitan da ya yi ritaya, ko kwana biyu a mako ya ware wa asibitin garinsu, an rage asarar rayuka. Tsohon babban sakatare da ya koma gida ya zauna a kwamitin makaranta, ya riƙa tambayar ina kason wannan wata ya shiga, ya fi amfani ga jama'a a kan ya ƙare kwanakinsa yana karanta jarida a wata unguwar masu hali inda maƙwabcinsa ma bai san sunansa ba. Ƙungiyoyin ci gaban gari kuma su wuce matsayin shirya walima idan an naɗa ɗan gari muƙami. Na san akwai wuraren da halin tsaro bai bari a yi wannan a yanzu ba, kuma babu mai hankalin da zai ce wa wani ya kai iyalinsa bakin kura. Amma garuruwan da ke zaune lafiya a Arewa sun fi waɗanda ke cikin tashin hankali yawa, kuma yanzu ne lokacin riƙe su, tun bangon bai tsage ba.

Ba ina kira ga kowa ya tattara ya bar birni ba ne. Kano da Zariya da Katsina da Sakkwato birane ne tun kafin zuwan Bature, kuma za su ci gaba da zama abin tinƙahonmu. Mai son birni ya zauna a birni, mai son gona ya zauna kusa da gonarsa. Abin da nake nema shi ne zaɓin ya zama na gaskiya, ta yadda malamar asibiti 'yar Malumfashi ko injiniya ɗan Nguru zai iya cewa a gida zan zauna, ba tare da ya sayar da lafiyar iyalinsa ko karatun 'ya'yansa ba. Muddin ba mu kai nan ba, biranenmu za su ci gaba da kumbura da mutanen da ba su da abin yi a cikinsu, karkara kuma ta ci gaba da zama ta wanda ya fi ƙarfin makami. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah Ya ba shugabanninmu da mu kanmu ikon gyarawa.